Kafin Ka Ce Na'urar Ta Lalace: Ɗaukar Hoton Wata da Taurari Daga Madina



Shugaban wannan zama, malamaina da ke sahun gaba, yayyena da suka riga ni zuwa garin nan, ƙannena sababbin zuwa, da 'yan'uwa maza da mata da za su karanta wannan jawabi a mujallar tunawa daga Alƙahira, Istanbul, Kuala Lumpur da sauran wuraren da neman ilimi ya kai mu, barkanmu da wannan lokaci. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba injiniya kujera a tsakiyar malamai. An ce in yi magana a kan abin da nake yi idan na rufe littattafan karatun dakta, wato ɗaukar hoton wata da taurari, da kuma yadda ake gano matsalar na'urar hangen nesa idan ta ƙi aiki.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin da ya zo Madina da leƙen taurari? To, ku tuna abin da ke faruwa da wayoyinmu a daren 29 ga Sha'aban da daren 29 ga Ramadan. Uwa ta kira, kawu ya kira, abokin firamare ma da aka daɗe ba a gaisa ba ya turo saƙo, tambayar dai ɗaya ce: "An ga wata a wurinku?" A gida kallon masana ake yi mana. Amma da za a fitar da mu fili a ce kowa ya nuna da yatsa inda ya kamata jinjirin watan ya bayyana, da nisansa daga inda rana ta faɗi, da minti nawa zai yi kafin shi ma ya faɗi, da yawanmu sai dai mu yi murmushi. Wannan giɓin nake so mu fara cikewa, kuma hanya mafi daɗi da na sani ita ce mutum ya riƙe na'ura da hannunsa.

Abin da zan tsaya a kansa guda ne: mafi yawan na'urorin da ake kawo mini ana cewa sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Abin da ya rage shi ne mai su ya san inda zai duba, kuma ya duba bi da bi.

Samaniyar da ke kanmu

Madina tana kan digiri 24 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, da kusan digiri 39 da rabi ta gabas. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu. Garin yana da abubuwa biyu da mai kallon sama ke so: busasshiyar iska da ƙarancin gajimare a mafi yawan shekara. Yana kuma da abubuwa uku da ke wahalar da shi: hasken lantarki, zafi da ƙura.

Hasken lantarki shi ne babba. A tsakiyar gari, in ka ɗaga kai, taurarin da za ka gani ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Masu wannan harka suna auna duhun sama da ma'aunin da John Bortle ya fitar a 2001, daga 1 zuwa 9. Lamba 9 ita ce tsakiyar babban birni, lamba 1 kuwa duhun da babu fitila ko ɗaya a kusa. A lardin nan namu akwai duka biyun. Al'ula, da ke arewa da mu da tafiyar sa'o'i a mota, ta samu shaidar ƙungiyar DarkSky International a 2024 saboda duhun samaniyar Manara da Gharamil. Wanda bai iya zuwa can ba, fita bayan gari kaɗai ya isa ya nuna masa farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ya ratsa sama, wanda Larabawa ke kira Majarra.

Amma kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Wata, Zara, Mushtari da Zuhal ba ruwansu da fitilun gari. Daga saman benen masauki za ka ga ramukan wata, ka ga zoben Zuhal, ka ga watanni huɗun Mushtari da Galileo ya gani a 1610 da na'urar da ba ta kai ta ɗan koyo ta yau kyau ba. Da waɗannan ake farawa.

Lissafi biyu kafin ka kashe riyal

Kuɗin ɗalibi ba shi da yawa, don haka ga lissafi biyu da za su tsare maka aljihu.

Na farko, aikin na'urar hangen nesa tara haske ne, kamar yadda baho ke tarar ruwan sama. Faɗin bakinta shi ne komai. Ƙwayar idon mutum a cikin duhu takan buɗe zuwa kusan milimita 7. Na'ura mai bakin milimita 70 tana tara haske ninki 100 na abin da ido ke tarawa, mai milimita 200 kuwa ninki 800 da ɗoriya.

Na biyu, girman abin da kake gani yana fitowa ne daga raba tsawon fokas na na'ura da na ɗan gilashin da ake sa ido a kai. Na'ura mai milimita 900 da gilashin ido mai milimita 25 za ta ba ka ninki 36. In ka sa mai milimita 10, ninki 90. Akwai kuma iyaka: ninka faɗin baki sau biyu, abin da ya fito shi ne ƙarshen girman da zai yi maka amfani. Mai milimita 70 iyakarta wajen ninki 140. Saboda haka idan ka ga kwali a kanti an rubuta ninki 500 ko 600 a jikin 'yar siririyar na'ura, ka gaida mai kanti ka wuce.

Abu na uku ba lissafi ba ne, shawara ce: ka dubi ƙafafu kafin ka dubi gilashi. Na'ura mai kyau a kan ƙafafu masu rawa ba ta da maraba da tuwo mai kyau a fasasshen akushi. Ga mai farawa, irin na'urar madubi da Isaac Newton ya ƙera a 1668, wadda aka ɗora a kan akwatin katako irin tsarin John Dobson, ita ta fi ba da faɗin baki a kuɗi kaɗan. Wanda ma bai da kuɗin wannan, tabarau mai ido biyu irin na 'yan kallon ƙwallo da wayar hannunsa sun ishe shi shekara guda yana koyo.

Ƙorafi na farko: "Ba na ganin komai"

Wannan shi ne ƙorafin daren farko. A duba abubuwa huɗu a jere. An cire murfin gaba gaba ɗaya? Wasu murafan biyu ne, ƙarami a tsakiyar babba, sai mutum ya cire ƙaramin ya bar babban. Wane gilashin ido aka sa? A fara da mai babbar lamba, wato 25, don shi ne ke nuna fili mai faɗi. An juya makullin fokas daga wannan ƙarshe zuwa wancan a hankali? Sai na huɗu, wanda ya fi kama mutane: ɗan ƙaramin madubin saiti da ke goye a bayan na'ura. Idan ba a daidaita shi da babbar ba, sai ya nuna maka wata a tsakiya alhali babbar tana kallon wani wuri daban.

Maganin wannan da rana ake yin sa. Bayan la'asar, ka ba rana baya, ka nemi kan wata hasumiya ko turken sadarwa mai nisa, ka sa shi a tsakiyar babbar na'ura, sannan ka juya sukurorin ɗan ƙaramin har shi ma ya nuna wuri guda. Minti biyar ne, amma zai fanshe maka dare guda.

Idan kuma ka ga hasumiyar a kife, kada ka ce an haɗa na'urar ba daidai ba. Haka na'urar Newton take nuna abu. Mai gilashi a gaba da ɗan madubi a kusurwa kuwa takan mayar da dama hagu. Ku riƙe wannan ma, yana da muhimmanci idan mun zo kan jinjirin wata.

Ƙorafi na biyu: "Hoton yana rawa kamar ruwa"

Nan ne zafin Madina ke shigowa. Ka fito da na'ura daga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri zuwa saman bene da ya sha ranar da ta haura digiri 40. Madubi da sanyi, iska da zafi, sai iskar cikin bututun ta riƙa juyawa. Ka ba ta rabin sa'a zuwa sa'a guda a waje kafin ka yanke mata hukunci. Bayan haka, simintin bene da kwalta suna fitar da zafin da suka sha har tsakar dare, injinan sanyaya ɗakuna da ke jere a saman bene kuma suna hura iska mai zafi. Duk abin da ka kalla ta saman su zai yi rawa irin ta kawalwalniya. Ka matsa gefen da iska ke fitowa, ka jira abin da kake nema ya ɗaga sama sosai, domin na kusa da ƙasa ta cikin iska mai kauri kake kallonsa.

Ga yadda za ka raba laifin iska da laifin na'ura. Ka sa tauraro mai haske a tsakiya, ka ɗan kauce daga fokas har ya zama zobe. Idan zoben yana motsi yana tafasa, iska ce. Idan yana tsaye amma baƙin ɗigon tsakiya ya karkata gefe guda, madubai ne suka goce, sai a daidaita su da sukurori ukun da ke bayan babban madubi. Na'urar da ta sha jijjiga a bayan mota dole a duba mata wannan. Idan kuwa dukkan hoton ne ke kaɗawa duk sanda ka taɓa, ƙafafu ne: ka gajarta su, ka ɗaure sukurori, ka rataya galan na ruwa a tsakiya, ka kuma sa wayarka ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don hannunka ya bar jikinta.

Ƙorafi na uku: "Na ce mata wata, ta nuna mini ƙasa"

Wannan na masu na'ura mai kwamfuta ne, wadda ake danna sunan tauraro ta juya da kanta. Wani ƙanenmu ya taɓa kawo mini tasa a cikin kwali, ransa a ɓace, har ya gama shirin mayar wa mai kanti. Ko sukurori ban kwance ba. Tambaya ɗaya na yi masa: wane agogo ka ba ta? Ashe kwamfutarsa tana kan lokacin Najeriya tun ranar da ya sauka daga jirgi.

Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Najeriya da Nijar suna gaban agogon Girinwic da sa'a 1, Saudiyya da sa'a 3. Bambancin sa'a biyun nan digiri 30 ne a sama, wato faɗin wata sau 60. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka faɗa mata ta bi. Akwai 'yan'uwan wannan kuskure guda uku. Da yawan na'urorin nan tsarin Amurka suke bi wajen kwanan wata, wata kafin rana, don haka 3 ga Afrilu sai ta koma 4 ga Maris. Wasu sukan rubuta 39 da rabi amma su bar ta a yamma maimakon gabas, sai na'ura ta ɗauka tana tsakiyar tekun Atlantika. Sannan akwai tambayar ƙarin sa'ar bazara da Turawa ke yi. Saudiyya ba ta yi, Najeriya ba ta yi, amsar a'a ce. Idan duk waɗannan sun yi daidai amma injin yana kuka yana tsayawa, a duba batir. Yawancinsu bolt 12 suke so, kuma da ƙarfin ya ragu sai su fara ruɗewa.

Ƙorafi na huɗu: "Taurarina sun zama zare"

Juyawar duniyar nan dai ce. Wata yakan gota faɗin kansa a cikin minti biyu kacal. Idan kyamara tana kan ƙafafu marasa inji, akwai ƙa'idar da ake bi: raba 500 da tsawon fokas na gilashin kyamararka, abin da ya fito shi ne daƙiƙoƙin da za ka iya barin ta a buɗe. Gilashi mai milimita 25 zai ba ka daƙiƙa 20. Ƙananan kyamarori su rage kashi ɗaya cikin uku.

Mai son wuce haka sai da mazauni mai inji wanda ke bin sama, shi kuma dole a saita ƙashin bayansa da tauraron arewa, wanda Larabawa ke kira Jadyu. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da lambar garinka ta arewa. A Madina digiri 24 da rabi ne. Ka miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen wajen digiri 10 ne, don haka dunƙule biyu da rabi. Mu a nan muna da wata gata: Makka tana kudu da mu kusan sak, saboda haka in ka ba alƙibla baya, arewa kake fuskanta, ta wajen dutsen Uhudu. Wannan ya fi kamfas ɗin waya, wanda ƙarfen mota da na ƙafafun na'ura ke ruɗawa. Amma fa dabarar ta Madina ce. Ranar da ka koma Kano sai ka sauke mazaunin zuwa digiri 12, Sakkwato da Katsina 13, Zariya 11, Maraɗi 13 da rabi.

Ƙorafi na biyar: "Hoton ya cika da tsaki-tsaki"

Idon kyamara yana fitar da ɗigo-ɗigon ƙarya idan ya ɗumama, kuma suna ninkawa da ƙarin kowane digiri 6 ko makamancin haka. Daren Yuli a Madina ke nan. Maganin da duniya ta yarda da shi shi ne yawa. Maimakon hoto ɗaya, ka ɗauki 50 ko 100, ka ba manhaja ta jera su a kan juna. Hasken gaskiya yana wuri ɗaya a kowane hoto, tsakin kuwa yana sauya wuri, sai ya narke. Hoto 100 sun fi hoto ɗaya tsabta sau 10. Kafin ka naɗe kaya, ka rufe bakin na'ura ka ɗauki wasu 20 a cikin duhu da saiti iri ɗaya, manhaja za ta cire su daga sauran. Siril da DeepSkyStacker kyauta ne. Ga wata da Mushtari kuwa, bidiyon minti ɗaya ake ɗauka, AutoStakkert ta tsince mafi kyawun ɓangarorinsa.

Masu waya sukan ce wata ya fito musu fari fat kamar ƙwan fitila. Dalili shi ne wayar tana ganin duhu kewaye da shi sai ta buɗe ido da yawa. Wata dutse ne da rana ke haskawa, don haka saitin rana ake yi masa: ISO 100, saurin ɗauka wajen kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa, sai a gyara daga nan. Kuma daren sha huɗu ba shi ne daren hoto ba. Farin wata sha kallo ne, gaskiya, amma ramuka da duwatsu sun fi fitowa a daren bakwai ko takwas, a kan iyakar haske da duhu inda inuwa ta yi tsawo.

Game da ƙura, magana ɗaya ce: kada hirami ko bakin riga ya taɓa gilashi. Ƙurar nan yashi ce, karce take yi. A hure ta da 'yar robar hura iska. 'Yar ƙura a kan madubi ba ta rage komai da ido zai lura, karce kuwa ya zauna ke nan.

Ɗabi'ar da ta fi na'ura

Abin da karatun injiniya ya koya mini a nan shi ne: canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta. Wanda ya sauya gilashi, ya juya sukurori, ya taɓa saitin kyamara duk a tare, ko hoton ya gyaru bai san me ya gyara shi ba. Ka sami ɗan littafi. Kwanan wata, lokaci, wuri, yanayin sama, abin da ka sa, abin da ka gani. Ɗaliban hadisi da ke cikinmu sun fi ni sanin darajar wannan: wa ya gani, yaushe, a ina, ta wace hanya.

Ba kuma baƙon abu muka ɗauko ba. Abdurrahman as-Sufi ya rubuta littafinsa na taurari a wajen 964, a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare da yau aka san tarin taurari ne na Andromeda, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan biyu da rabi. Sunayen da za ku gani a manhajar Stellarium, irin su Aldebaran, Altair, Rigel da Deneb, Larabci ne da ya sha bakin Turawa. Mu ma muna da namu: Zara matar wata, Gamzaki na asuba, Kaza da 'ya'yanta.

Jinjirin wata

Yanzu mu dawo kan kiran wayar nan. Hukuncin tsayuwar wata ba na mai na'ura ba ne. A nan Kotun Ƙoli ke sanarwa bayan rahoton masu duba a wurare irin su Sudair da Tumair. A Najeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanarwa bayan kwamitin duban wata ya tantance. Abin da ke wuyanmu shi ne mu zama shaidun da suka san abin da suke kallo.

Watan sama yana kammala zagayensa a cikin kwana 29 da rabi da 'yan mintuna. Kafin ka fita, manhaja za ta gaya maka abu uku: sa'a nawa da haihuwarsa, digiri nawa tsakaninsa da rana, minti nawa zai yi a sama bayan faɗuwarta. Masanin Faransa André Danjon ya nuna tun shekarun 1930 cewa idan tazarar ta gaza wajen digiri 7, jinjirin ba ya bayyana ga ido. Mafi ƙuruciyar watan da aka tabbatar an gani da ido zalla yana da sa'a 15 da minti 32, a 1990. Da taimakon na'ura, sa'a 11 da minti 40, a Iran a 2002. Kyamara kuwa ta wuce nan: a 8 ga Yuli 2013 Thierry Legault ya ɗauki hotonsa da rana a daidai lokacin haihuwarsa. Kun ga ke nan abin da kyamara ta kama daban, abin da ido ya gani daban, kuma amana ce mai hoto ya faɗi wanne ne nasa.

Ga wani abu da zai rage gardama a zaure. Rana tana faɗuwa a Sakkwato bayan ta faɗi a Madina da sa'a biyu ko fiye. A wannan tsakanin wata ya ƙara nisa da rana da wajen digiri ɗaya. Saboda haka yana yiwuwa a rasa shi a nan a gan shi a can, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Akwai kuma abubuwan da ke shigar burtu: siririn gajimare, hayaƙin jirgin sama da rana ta haska, da Zara kanta, wadda a cikin na'ura takan fito da siffar lauje. Gefen jinjiri mai haske kullum yana fuskantar inda rana ta faɗi. In na'urarka mai kifar da hoto ce, ka rubuta haka a ƙarƙashin hoton. Kuma kada a fara lalube da na'ura sai ƙwallon rana ya ɓace gaba ɗaya.

Ranar da ya kamata mu shirya mata

Da yawanmu mun kalli husufin wata na 7 ga Satumba 2025, lokacin da ya yi ja na tsawon minti 82 bayan isha'i. Wasunmu kuma suna yara lokacin kusufin 29 ga Maris 2006, wanda inuwarsa ta bi ta yankin Gusau da Katsina ta shiga Nijar. To, ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 da azahar, inuwar wata za ta ratsa Luksor a Masar, inda duhun zai haura minti 6, ta tsallaka Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka. A Jidda wajen minti 6 ne. Madina tana wajen layin, za a ga an ci mafi yawan ranar amma ba duka ba. Jirgin ƙasan Haramaini yana nan, sai dai lokacin hutu ne, don haka mai niyya ya tsara tafiyarsa tun yanzu.

A nan zan ɗaure fuska. Duban rana ta cikin na'ura ba tare da matacin rana a gaban bakinta ba yana ƙona ido nan take, kuma ba ya warkewa. Baƙin tabarau, fim ɗin asibiti, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, duk ba su tsare komai. Tabaran kusufi na gaskiya suna ɗauke da lambar ISO 12312-2, su ma don ido zalla aka yi su, ba a leƙa na'ura da su. Ɗan madubin saiti ma a rufe shi.

Masu fita bayan gari kuma: kada a tafi ɗaya-ɗaya, a bar labari a masauki, a ɗauki ruwa fiye da buƙata, a sa takalmi rufaffe saboda kunama, kada a yada zango a cikin kwari lokacin ruwa. A nisanci wuraren da aka hana ɗaukar hoto, a kuma bar koren lesa a gida, filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz yana kusa. Mu baƙi ne, kuma abin da ɗaya ya yi sunan duka yake shafa.

Abin da za mu koma da shi

Samaniyar gida ta fi ta nan wadata. Suhailu, wanda Larabawa ke jiran fitowarsa a ƙarshen Agusta a matsayin alamar sassaucin zafi, bai wuce digiri 13 a Madina ba, amma a Kano yakan kai 25. Tsakiyar Majarra a nan digiri 36 ne, a Kano kusan 49. Ƙauyukanmu kuma suna da duhun da wasu ke biyan kuɗin jirgi su je nema. Abokan gaba a can su ne hazon hunturu da laimar damina, wadda ke sa gilashi ya yi fumfuna idan an rufe shi a jiƙe.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya abu uku. A sayi na'ura ɗaya ta ƙungiya, mai sauƙi mai ƙarfi, wadda za ta riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu. A sa daren 29 na kowane wata ya zama daren fita, ba na Sha'aban da Ramadan kaɗai ba, domin idon da ya saba nema sau 12 a shekara ya fi wanda ke nema sau biyu. A kuma buɗe littafi ɗaya da za a riƙa rubuta sakamakon, har da daren da ba a ga komai ba, don wannan ma sakamako ne. Duk wanda ya kammala ya koma Gusau ko Damagaram ya buɗe irinsa a makarantar da zai koyar.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ke da na'ura a ƙarƙashin gado da ya yanke wa ƙauna, ya kawo ta bayan an tashi, mu duba agogonta tukuna.

 Allah Ya ba mu abin da muka zo nema, Ya mayar da mu gida lafiya.